Habbanayen Issa Mai Igiya

Duk wanda ya saba cin kasuwar Filinge ya san Issa mai igiya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zama kusa da masu kaba, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiya a naɗe a babban yatsansa, yana tufka yana sauraren hirar mutane ba tare da ya sa baki ba. Garinsu Gawo Uku, wani ɗan ƙauye a gindin dutse, a bakin babban kwarin nan da ake kira dallol. Manomi ne kamar kowa a ƙasar Kurfai, hatsi da wake, sai ƴar kuɓewa da matarsa Balkisa ke shukawa a bayan ɗaki. Da ƙuruciya ya yi cin rani har sau tara, Kwatano da Lome, ya yi dako, ya sayar da shayi, bai dawo da abin a zo a gani ba sai ciwon baya da rediyo guda. Daga nan ya ce duniyar da ya gani ta ishe shi, ya zauna gida ya kama sana'ar ubansa. Yanzu ya haura sittin, kuma ba ya gaggawa a kan komai. Balkisa takan ce ko gobara aka yi sai ya ƙarasa tufkar da ke hannunsa kafin ya tashi.

Igiyar roba ta cika kasuwa, ga arha ga launi, amma makiyaya ba su bar Issa ba, don tasa ba ta cin wuyan maraƙi. Ta nan ya san Sambo, wani Bafillace mai garke babba, wanda ya fara zuwa sayen dangwali, doguwar igiyar nan mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta. Ciniki ya zama gaisuwa, gaisuwa ta zama abota. Kowace kaka, in an cire amfani, Sambo yakan sauko da shanunsa su yi wata guda a gonar Issa, su ci kara su bar taki. Da damina kuma yakan koma ruga a saman dutse, nesa da shuka. Sambo na kiran Issa Kaɗo, wato Bahaushe a bakin Fulani, Issa na kiransa Bahillace, sun fi shekara ashirin a haka ba wanda ya taɓa jin kansu.

Shekara shida da suka wuce tsutsa ta cinye zangarniyar hatsi a kwarin nan, Issa ya tashi da dami bai kai goma ba, ƴan awakinsa suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Bai faɗa wa Sambo komai ba, amma wanda shanunsa suka kwana a gonarka ba ka ɓoye masa abin da gonar ta yi. Wata safiya sai ga Sambo da karsana mai farin goshi, sunanta Wule, ya ɗaure ta a turken Issa da babu komai a kai, ya ce habbanaye ce. Al'ada ce ta Fulani. Mutum ya ɗaura wa abokinsa saniya, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau uku, ƴaƴan da nonon duka na wanda aka ɗaura wa ne, sannan a mayar da uwar ga mai ita. Issa ya riƙe Wule kamar ƴar cikinsa. Ta haifa masa mace, Balkisa ta sa mata suna Goshi. Ta sake haifar namiji, wanda yanzu ke jan amalanke. Sai ta yi shekara biyu ba ta ɗauka ba, a bana ne ta sami ciki na uku. Ita kuwa Goshi ta girma har ta yi haihuwar fari, nononta ne ke riƙe da gidan a wannan damina.

Ana tsakiyar watan takwas, hatsi ya fara ɗaukar ciki, Issa ya lura kasuwa uku ke nan bai ga Sambo ba. Ya tambayi wata mai tallar nono da ta fito daga wajensu. Matar ta yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ta faɗa masa. Da farkon ruwa ƴaƴan Sambo sun kora garken can arewa kamar yadda suka saba, sai mutane da bindigogi suka tare su suka kore shanun gaba ɗaya. Samarin sun dawo da ransu da sandunansu. Yau kwana arba'in, in ji ta, Sambo na nan a rugarsa ta saman dutse da jakuna biyu da ƴan awaki, bai kai kuka ga kowa ba.

Issa ya naɗe igiyoyinsa tun rana ba ta yi tsaka ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ji tausayi, ya kuma ji zafi, don kwana arba'in ba kwana biyu ba ne, kuma tsakanin gidansa da rugar bai kai yinin tafiya ba. Amma ya san mutuminsa. Sambo zai yarda ya bushe a kan tabarmarsa kafin ya buɗe baki ya ce ba shi da shi. Kafin ya isa gida ya gama shawara: zai mayar da Wule. Daga cikin irin shanun da Sambo ya gada wurin ubansa ita kaɗai ta rage masa a duniya, ga ta kuma da ciki. Ya faɗa wa Balkisa, ta ce ai kayan mutum nasa ne, ya hanzarta. Su biyun suka kwana da farin cikin sun yi dabara, ba wanda ya yi tunanin ya tambayi wani Bafillace ko ana yin haka.

Hanya biyu ce zuwa saman dutsen. Akwai ta amalanke, wadda ke zagayawa ta kudu, kwana biyu da saniya mai ciki, ta cikin gonakin mutane da suka cinye burtali, ta kuma ratsa ƙauyuka huɗu. Duk wanda ya ga Issa yana jan saniyar zai tambaya, kafin ya isa labarin talaucin Sambo ya riga shi. Wannan ne Issa ba ya so. Ɗayar hanyar ita ce ta Turame, wadda ke bin ƙorama ta cikin kwazazzabo ta hau kai tsaye.

Mutanen ƙasashen da ke da manyan koguna za su yi dariya in an nuna musu ƙoramar Gawo Uku. Wata tara a shekara rairayi ce zalla, jakuna na birgima a cikinta. Amma in damina ta zauna, duk ruwan da ya sauka a kan faƙon dutsen nan ba shi da wurin shiga ƙasa, sai ya taru ya biyo ta nan, ya faɗo daga sama hawa uku. Kowane wurin da yake faɗowa ya daka dutsen ya yi rami mai zurfi, shi ya sa ake ce musu Turame. Da rani har shanu na bin hanyar gefensu. Da damina kuwa ta masu itace ce da awaki, sai kuma wanda ke da dalili.

Ranar da Issa ya tashi an yi kwana biyu ana ruwa, ya ɗauke da asuba. Ya zaɓi igiya mafi kauri a cikin nasa, ya rataya gora da ƴar adda, ya sa takalmansa na taya. Tun daga bakin gari yake jin ƙugin ruwan. Turmi na farko ba shi da wuya, nan matan gari ke wanki, ruwan na sulalowa ne a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse da bai fi tsayin mutum ba. Mata biyu da ke can suka tambaye shi ina za shi da saniya, ya ce ciyawa za ta ci, suka bi shi da kallo don ga ciyawa nan har gwiwa a bayansu. Ya wuce bai waiwaya ba. Issa bai iya ƙarya ba, kuma shi ma ya sani.

Daga nan bangon kwazazzabon ya fara matsowa. Jar marmara a sama, farar ƙasa a ƙasa, sabara da geza sun maƙale a tsagogin dutse. Hanyar ta zama ƴar siririya, ruwa na gudu a hannun hagu, ja kamar kunun kanwa, yana tafe da karare da kashin awaki. Wule na tafiya tana huci, cikinta na gogar bango. Issa bai iya kiran shanu irin na Fulani ba, shekara shida da Hausa yake mata magana kamar mutum, ita ma ta saba. Yana gaba yana ba ta haƙuri, yana gaya mata inda za ta sa ƙafa, yana tuna mata cewa gida za ta.

A turmi na biyu hanyar ta ƙare a wannan gefen, dole a ƙetare. Ruwan na faɗowa daga tsayin ɗaki biyu, ya bugi ramin ya taso fari, feshinsa na jiƙa mutum tun daga nesa. Wule ta ga haka ta kafe. Ya ja, ta ja. Wani da ya kai mata sanda, amma Issa ya zauna a kan dutse ya cire takalma, ya bar ta ta gama kallon ruwan da shinshinarsa. Sai da ta sunkuya ta sha don kanta, sannan ya shiga ya auna zurfin da ƙafarsa, ya sami inda tsakuwa take ba laka ba, ya dawo ya kama ta a gindin ƙaho. Ruwan ya kai masa cinya, sanyinsa har cikin haƙori. Suka fita a wancan gefen, ya tarar gorarsa ta tafi, bai ma san lokacin da ta kwance ba.

Na ukun shi ne abin tsoro. Nan ruwan ke barin saman dutsen ya faɗo a tsaye, tsayin giginya, ƙararsa ba ta bari ka ji maganar kanka. Hasbiyoyi na fita daga kogunan bangon suna ratsa feshin suna komawa. Hanyar na hawa ta gefe a karkace, kuma a tsakiyarta akwai wani wuri, taku goma, inda farar ƙasa ta fito fili ruwa na tsatsa a kanta, santsi kamar an shafa man shanu. Issa ya ɗaure Wule a ƙasa, ya ɗauki adda ya yi ta saran rassan geza yana shimfiɗawa a kan santsin, ya bi da tsakuwa a cikin rigarsa yana zubawa. Ya fi awa guda yana wannan aiki, bayansa na tuna masa da dakon Kwatano. Sannan ya yi bisimilla ya jawo ta.

Taku bakwai lafiya. A na takwas ƙafarta ta baya ta zame, ta durƙusa a kan gwiwoyi, nauyin cikin ya fara janta baya wajen ramin. Issa bai san sanda ya zagaya wani kututturen geza da igiyar ba, ya kwanta da baya ya tokare ƙafafunsa. Igiyar ta zarce a tafinsa ta kwashe fata, sannan ta tsaya. Ya ji tana ƙara a jikin kututturen, ya san kowane zare a cikinta don shi ya murɗa shi, ya roƙi Allah kada yau ta ba shi kunya. Saniyar ta yi nishi, ta nemi tsakuwa da kofato, ta samu, ta miƙe. Da suka fita saman dutsen Issa ya zauna a ƙasa. Daga nan ana ganin kwarin dallol gaba ɗaya, kore shar har iyakar ido, da rumbunan Gawo Uku ƙanana ƙanana, da ruwan da ya kwanta a fadama yana walƙiya. Shekara sittin yana noma a ƙasan nan, sai ranar ya ga kyanta, ya yi hamdala a fili shi kaɗai.

Ya isa rugar bayan azahar. Bukkoki uku ne a cikin sabara. Abin da idonsa ya fara sauka a kai shi ne dangwali, wanda shi ya tufka bara, maɗauri ashirin da biyu, a miƙe tsakanin turakunsa, ba maraƙi ko ɗaya. Ba a naɗe shi ba, an ma share ƙarƙashinsa. Sambo ya taso daga gindin wata bishiya, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Suka gaisa kamar ba abin da ya faru, aka tambayi gida, aka tambayi ruwa, aka tambayi hatsi, ba wanda ya tambayi bisashe. Dija matar Sambo ta kawo fura a ƙwarya, ta ajiye ta juya da sauri. Issa ya ɗaga faifan ya ga da ruwa aka dama ta. Ya sha don kada ya ƙara musu ciwo.

Duk wannan lokacin Sambo bai dubi saniyar ba, ita kuwa sai miƙa wuya take wajensa. Da Issa ya ajiye ƙwaryar, ya share baki, ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya mayar da alheri, ga Wule nan ya maido masa. Ya faɗe shi da sakin fuska, yana jiran ya ga abokinsa ya ji sanyi.

 Sambo ya ce, "Haihuwa nawa tay yi hannunka?"

"Biyu. Ga ta ukku ciki."

"To mi niy yi maka, Issa?"

Bai ce Kaɗo ba, kuma Issa ya ji wannan tun kafin ya gane sauran. Sambo ya ci gaba a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ba a maido habbanaye da saura sai in zumunta ta mutu. Gobe a ce Sambo ya rasa shanu, ya bi abokinai har gida ya kwance igiyad da yaɗ ɗaura. Shanun da anka kora, Allah ya ba ni, Allah ya amsa. Abin da yar rage mini shi na a ce na taɓa ɗaura ma wani. Shi kaz zo amsa?"

Issa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi rantsuwa cewa bai sani ba, Sambo ya ce ya yarda, ai Kaɗo ne. Ya ga tafin hannun Issa, ya kira Dija ta kawo toka da tsumma ya ɗaure masa da kansa. Amma a kan saniyar bai motsa ba. Ya ce ba za ta iya sauka Turame da wannan cikin ba, don haka ta zauna nan har ta haihu dutse ya bushe, amma baƙuwa ce, ta Issa ce. Maraƙin nasa ne, nonon ma nasa ne, Dija za ta riƙa sauko masa da shi. Issa ya san ba barazana ba ce. Za su tatsa, tsohuwar nan ta ɗauko ƙwarya ta biyo santsin dutse da ita, su kuma su koma su dama fura da ruwa. Garin neman gira ya rasa ido, ya zo rage wa mutane kaya ya ƙara musu.

Ya kamo hanyar gida shi kaɗai. A turmi na biyu ya tsaya ya yi alwala da hannu ɗaya da rabi, ya yi la'asar a kan wani faffaɗan dutse, ya zauna. Ruwan ya fara raguwa, ya soma yin haske. Kunya ta dame shi, sai kuma wani abu da ya fi kunyar ciwo ya biyo baya. Ya ga cewa abin Sambo ya ɗauka ya kai wa Sambo yana kiransa alheri, shi bai rasa komai ba sai gora da fatar hannu. To mene ne nasa? Amsar ba ta da nisa, Goshi ce, tana ɗaure a bayan ɗakin Balkisa da maraƙinta ɗan wata biyu. Bai taɓa jin an ce manomi ya ɗaura wa Bafillace saniya ba, daga sama take gangarowa kullum kamar ruwan nan. Amma bai taɓa jin an ce haramun ne ba. Ya kuma tuna ranar da aka kawo masa Wule, da ya fara cewa a'a abin ya yi yawa, Sambo ya katse shi ya ce wanda aka ɗaura wa ba ya ƙi, ƙin ma zagi ne.

Dutsen bai ba shi tsoro kamar Balkisa ba. Yana da dalili kuwa. Watan takwas ne, rumbu saura ƙura, sabon hatsi sai nan da kwana arba'in. Ɗansu na Kwatano ya bar musu mata da ƴaƴa uku, kuma nonon Goshi ne ke sa ɗan hatsin da ake dakawa ya kai yamma. Washegari da ya gama yi mata bayani ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, mu ci mi? Jiya ka kai guda, yau za ka kai ta biyu. Gobe sai ka kwance san amalanke, jibi ka ɗauke ni ka kai."

Ya ce mata su suna da hatsi a gona yana zuwa, ga tafasa ga yaɗiya, kwana arba'in ne za su ƙuntata. Sambo kuwa ba abin da ke zuwa masa. Ya ce ita Goshin ma daga ina ta fito? Balkisa ta ce ta san daga inda ta fito, ba sai an karanta mata ba, ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ta bakin jikoki. Shi kuma bai sake tayar da zancen ba, ya jiƙa kaba ya zauna a zaure yana tufka sabuwar igiya da hannunsa mai ciwo, a hankali, yana cije leɓe. Ba wanda zai ce Balkisa ba ta da gaskiya, ita ce ke raba furar, ita ke ganin idon yaran.

Safiya ta uku ya fito ya tarar da ita a tsakar gida, ta ɗaure zane ya ɗage, ta ci ɗamara da gyale. Ta riga ta tatsi rabin nonon ta dama wa yara, ta bar rabi a hantsar. Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi mutum ɗaya mai hannu ɗaya ba zai iya da saniya da maraƙi a Turame ba, in ya faɗa rami wa zai ƙarasa mata noman, don haka ya wuce su tafi.

Hawan na biyu ya fi sauƙi, ruwan ya ja baya, amma kunnen Issa bai huta ba. Balkisa ta yi mita a turmi na farko, ta yi a na biyu, ta ce rabonta da wurin nan tun tana budurwa tana itace, kuma ko a lokacin tana da hankalin da ba ta kawo saniya. Da suka zo santsin na uku Goshi ta kafe, Issa ya fara neman kututturen da zai naɗa igiya. Balkisa ta ce masa shekara shida yana kiwo har yanzu bai san saniya ba. Ta sa ya saɓa maraƙin a wuya ya hau da shi gaba. Maraƙin na yin kuka daga sama, Goshi ta manta da rami da santsi, ta bi rassan gezar nan ta haye kamar akuya, Balkisa na biye da ita riƙe da wutsiya tana salati.

Sambo na zaune inda aka bar shi, Wule na kwance a inuwa kusa da shi. Da ya hango su ya miƙe, fuskarsa ta canja, don ya ga kamar wata sadakar aka kawo. Issa bai bari an yi doguwar gaisuwa ba, ya san in ya zauna bakinsa zai mutu. Ya wuce kai tsaye wurin dangwalin, ya sauke maraƙin ya sa wuyansa a maɗauri na farko. Sannan ya jawo Goshi har gaban Sambo, ya miƙa masa bakin sabuwar igiyar.

"Wagga tawa ta, Bahillace, kai ka sheda. Cikin gidana anka haihe ta. Na ɗaura maka ita habbanaye."

Sambo bai miƙo hannu ba. Ya dubi saniyar tun daga goshi har kofato, irin duban da makiyayi ke yi, ya ga ƙahon uwarta, ya ga ƙirar shanun ubansa. Ya dubi Balkisa da ke tsaye tana haki, laka har gwiwa, ita kuma ta kau da kai ta shiga gaisawa da Dija. Ya dubi tsumman da ke hannun Issa, jini ya sake ɓullowa ta cikinsa. Issa na tsaye da igiya a miƙe, ya san in mutumin nan ya ƙi, ba shi da wata dabarar kuma.

Can Sambo ya ce, "Haihuwa nawa?"

"Ukku. Kuma kada in gane ta ƙohwar gidana da saura."

Sambo ya yi ɗan murmushi. Ya sa hannu biyu ya karɓi igiyar, kamar yadda ake karɓar abu daga babba. Ya yi wa saniyar wani ɗan kira da harshensu, ƙasa ƙasa, ita da ba ta taɓa jin Fillanci ba ta matso ta sa hanci a rigarsa. Ya juya wa baƙinsa baya, ya daɗe yana shafa wuyanta.

"Dija," ya ce, "ɗauko ƙwarya."

Muryar ta karye a tsakiya, kowa ya ji. Issa ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda babu girgije ko ɗaya, ya ce wa Balkisa hadari na haɗuwa, gara su kama hanya tun dutse bai jiƙa ba.